Lemun da Ya Gangara

Wata goma sha biyar cif, Boone bai taka ba. Rarrafe kam ko ƙadangare albarka, amma ya saki hannu ya ɗaga ƙafa, ina! Uwarsa Tessa tun tana dariya har abin ya fara hana ta cin abinci, don surukarta Lorraine ta kafa mata ƙahon zuƙa. Kullum aka yi waya zancen ɗaya ne: "Yaron da ke wuni ɗaure a kujerar mota kamar kaya, yaushe zai yi tafiya? Ku sayar da akwalar nan ku dawo gida." Har mijinta Wyatt ya yi wa tsohuwar alkawari, in wata ya ƙare yaro bai taka ba, to a sayar. Ita kuwa Tessa motar nan ce gidanta, gado, murhu, firji, har labulen da ta ɗinka da hannunta. Saura kwana huɗu fa!

Ran Alhamis suka hau wani ɗan gari a duwatsun Kolorado, titi ɗaya, shagon burodi ɗaya, barewa na zagaya coci kamar ita ce mai gadi. Filin da masu motar-gida ke sauka a jikin tudu yake. Kowa ya sani, in ka tsaya sai ka cusa katakai ƙarƙashin taya har mota ta daidaita. Wyatt ya buɗe akwati, wayam. Ya baro su a masaukin jiya.

"Ai daidai take," in ji shi, yana kallon sama.

"Daidai? Baban Boone, shayina fa duk ya taru a gefe guda na kofi."

"Idonki ne ya karkace."

Sai ga maƙwabcinsu Delbert, wani dattijo da ya shekara ashirin yana yawo da tasa motar. Ya zaro lemu daga aljihu ya ajiye a bakin gado. Lemu ya kama hanya, zuuu, sai gindin kujerar direba.

"Samari, gida ne wannan ko wurin sulun yara? Ka kwana a haka, gobe ka tashi da fuska kamar kabewa. Firjin ma yaji zai yi maka. Bari in ɗauko maka nawa katakan."

To ashe Boone na tsaye riƙe da gado, idonsa ƙur a kan lemu. Ya miƙa hannu, ya saki gadon, gangara ta ja shi. Ɗaya, biyu, uku, har shida! Daɓas ya zauna, ya rungume lemunsa.

Ihun da Tessa ta kurma, sai da karnukan filin suka amsa.

"Kada wanda ya taɓa motar nan! Baba Delbert, mayar da katakanka! Wyatt, kira Mama, ta bidiyo!"

Aka mayar da yaro bakin gado, aka sake sakin lemu, ya sake tahowa tangal-tangal yana ƙyalƙyata dariya. Lorraine ta matso da fuska har hancinta ya cika wayar.

"Tsaya. Me ya sa labulenku ya rataya a karkace? Ni za ku yi wa wayo? Wannan ba tafiya ba ce, gangarowa ce. Ko buhun dankali kuka saka zai iso."

Tessa ta dubi labulen nan nata, kamar ta yi kuka.

Delbert ya sunkuya, ya zare lemun daga hannun yaro, ya je can sama ya ɗora a kan gado. Boone ya ɓata rai. Ya dafa kujera ya miƙe, ya juya, ya tunkari hawa yana huci kamar ɗan dambe. Taku huɗu, babu mai riƙe shi, ya cafke abinsa.

Wyatt ya leƙa wayar.

"Mama, kina nan?" in ji shi. "Buhun dankali na hawa tudu?"

"Rufe min baki. Tessa, lamba nawa ƙafarsa? Takalmi zan aiko."

"Wane adireshi, Mama? Jibi mun ƙara gaba!" in ji Tessa.

Wyatt kuwa har yau cewa yake da gangan ya baro katakan.