Gwiwar Inna Mero

"Miƙe ƙafar, Inna," in ji mai ƙaho.

Inna Mero ta miƙe ta, ta cije leɓe, ko tari ba ta yi ba. Duk unguwa mun riga mun yanke hukunci cewa sanyin ƙashi ne ya kama mata gwiwa, don mu a layinmu kowa likita ne.

Dangar kara ce ta raba gidana da nata a Gadarif ta ƙasar Sudan. Tsohuwa ce siririya, fata da ƙashi, haihuwarta tara. Ta yi ta yankan riɗi a gonakin Gadambaliya har sai da Daudu, ɗanta na fari, ya ɓoye mata lauje. Ban taɓa ganin mace mai dauriyarta ba.

Ana cikin haka Daktora Salwa ta yi sallama. Likitar fiɗa ce da yaƙi ya koro daga Hartum, tana haya kusa da mu, dubiya kawai ta shigo. Ta ga yadda Inna ta yi maza ta sake naɗe ƙafar.

"Kun kai ta mustashfa?" ta tambaya, tana nufin asibiti.

"Na kai ta," in ji Daudu. "An ba mu man shafawa."

"Me ta gaya wa likitan?"

"Gwiwa, bas. Ita kaɗai."

"Kana ɗakin?"

"Ina zan je? Ni na riƙe ta."

Daktora ba ta san al'adarmu ba, ni na sani. Uwa irin ta dā ko sunan ɗan fari ba ta kamawa, balle ta yi zancen bayan gida a gabansa.

Na ce, "Daudu, fita. Kai ma mai ƙaho, kwashe tarkacenka."

Sai da takunsu ya yi nisa Inna ta yi magana, idonta a ƙasa. Kwana da kwanaki ba ta zagaya ba, ko iska ba ta fita. Aman da take yi kuwa, bayan ɗaki take rarrafawa ta rufe shi da ƙasa.

Daktora ta taɓa cikin, ta kama cinyar ta juya a hankali. Ranar na fara jin ihun Inna Mero.

"Ya Hajja, gwiwarki lafiyarta lau," in ji ta. "Akwai wata 'yar kafa a ƙashin ƙugu da jijiyar cinya ke bi. In tsohuwa ta rame, kitsen da ya toshe kafar sai ya zube, hanji ya zurma ya maƙale, ya danne jijiyar, shi ne ciwon ke sauka har gwiwa. Ba a ganin kumburi. Yau za a yi amaliyya, wato fiɗa, ba gobe ba."

A raksha mai ƙafa uku muka kai ta asibiti. Hoto ya nuna abin da Daktora ta faɗa daidai. Da hannunta ta zaro hanjin, ta yanke inda ya mutu, ta haɗa, ta ɗinke kafar. Ta fito gumi sharkaf, ba ta ɓoye mana komai ba: aiki ya yi kyau, amma dafin ya riga ya shiga jini.

Inna ta farfaɗo. Ta miƙe ƙafar har ƙarshen gado, ta naɗe, ta sake miƙewa.

"Yarinyar nan ta iya ɗinki," ta ce mini. "Allah ya mai da ta gidansu lafiya."

Na yi dariya, na yi kuka, don na ga numfashinta ba na tashi ba ne.

Washegari da hantsi Daudu ya shigo, ya tsaya bakin gado.

"Inna, da kin faɗa."

Ta kau da kai wajen bango, ta ja mayafi ta rufe fuska. Amma hannunta ya lallaɓo ta ƙarƙashin bargo ya kama gefen jallabiyarsa. Ya ƙame a tsaye.

Da Daktora ta zo ta duba wuyanta, ta yi salati ta rufe mata ido, Daudu yana nan inda yake, ya ɗan karkata gefe guda don kada rigar ta zame.