Madubin Baba Tela

"Riƙe masa kafaɗa, ya Umma, zai sake juyowa!"

Mukhtaru ne ke magana, gumi na tsattsafo masa duk da mukayyif ɗin sanyaya ɗaki da ke ruri a bango. Mahaifinsa, Malam Abdulwadud, wanda duk unguwar Hindawiyya ta Makka ta sani da Baba Tela, yana kwance a katifa, ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito. Tun da asibiti suka ce a mai da shi gida, aka kwantar da shi a gefensa na dama, fuskarsa ga alƙibla, yadda ake yi wa wanda tafiyarsa ta matso. To a ɗakin nan alƙibla bango ce, ƙofa kuwa tana bayansa. Da an juya shi sai ya yunƙura, ya damƙi zanen gado, ya ja jikinsa har ya koma yana kallon ƙofa.

"Wa ke ƙofa?" ya ce, muryarsa a dishe. "Wa aka bari a ƙofa?"

Mukhtaru ya ce wa uban, "Babu kowa, ya Abuya, mu ne. Kwanta, Allah Ya yarda da kai."

Rumasa'u, 'yar maƙwabtansu na hawan sama, tana tsaye a bakin ɗakin riƙe da kwanon kunu. Idon tsohon ya faɗa kanta, ya tsaya, kamar ya ɗan sami sauƙi. Sai Mukhtaru ya sake cicciɓar sa ya mai da shi ga bango.

Hajiya Ummulkhairi, matarsa, ta karɓi kwanon ba tare da ta duba abin da ke ciki ba. Ta ja Rumasa'u gefe.

"Kin ji abin da matan hawan ƙasa ke faɗa? Wai mutum a Makka, ga Ɗakin Allah nan kusa da shi, yana juya masa baya a ƙarshen rayuwarsa. Mutumin da ban taɓa ganin asuba ta wuce shi ba. Ni dai in ji ya yi kalmar shahada da bakinsa, Rumasa'u. Shi ke nan abin da nake roƙo."

Rumasa'u ta buɗe baki, ta kalli bayan Mukhtaru, ta rufe. Ita ba 'yar gida ba ce. Mukhtaru ya girme ta nesa, kuma shi mutum ne da in yana magana har direbobin tasi na titi sukan waiwayo. Ta ce, "Allah Ya ba shi sauƙi, Hajiya," ta hau sama.

Amma ta san abin da ke damun tsohon.

Tana ƙarama akan aike ta shagonsa da ke ƙasan ginin, ta kai ɗinki ko ta karɓo. Keken ɗinkinsa kullum yana fuskantar titi. Wata rana ta shigo ta ƙofar baya a hankali don ta tsorata shi, ta dafa kafaɗarsa. Kafin ta yi dariya ya riga ya murɗe mata hannu, ya danne ta da bango. Da ya ga ita ce sai ya sake ta, ya zauna a ƙasa. Sannan ya dube ta ya ce:

"'Yata, kada ki ƙara zo mini ta baya. Lokacin yaƙin basasa a Najeriya, ina soja, mun shiga wani ajin makaranta za mu yi salla. Duk muka juya wa ƙofa baya, ba mu bar kowa yana gadi ba. Ni ne na ƙarshen sahu, jikin taga." Ya ɗauko alawa daga aljihu ya miƙa mata. "Ta ƙofar aka far mana, ni kaɗai na fito da rai. Kada ki faɗa wa Hajiya na murɗe miki hannu, kin san ta."

Daga ranar ta fara lura. A masallaci ba ta san yadda yake yi ba, amma in salla ta kama shi a shago, yakan shimfiɗa darduma ne a gaban dogon madubin da masu gwada kaya ke dubawa. Yakan karkata shi kaɗan, yadda in ya fuskanci alƙibla zai riƙa hango ƙofa a gefen idonsa. Mutane suna tsokanarsa, wai Baba Tela har a salla sai ya duba zaman hularsa. Shi ma yakan taya su dariya.

Washegari da hantsi ta sauko. Ɗakin ya yi tsit. Wata ma'aikaciyar jinya ta zo ta yi masa allurar kwantar da hankali, an kuma ɗaure masa hannu da mayafi a jikin ƙarfen gado don kada ya faɗo. Fuskarsa na ga bango. Idonsa a buɗe, ƙwayar na ta komawa gefe, tana neman abin da ke bayansa. Bakinsa na motsi, amma babu sauti.

"Tun jiya da la'asar maganar ta ɗauke," Hajiya ta ce. "Ya yi ta kiran ƙofa, ƙofa, har muryar ta ƙare."

Rumasa'u ta juya ta sauka. Shagon ya daɗe da komawa hannun wani mai sayar da wayoyi, madubin kuwa an jingine shi a ƙarƙashin bene, bayan tsofaffin tulunan gas. Ta jawo shi, ƙura ta baɗe mata abaya. Ta hau da shi tana hutawa a kowace kwana, gefensa na bugun matakala.

Mukhtaru ya tare ta a bakin ƙofa.

"Esh hada, mene ne wannan? Madubi? Kwalliya zai yi, ko aski?"

"Yaya Mukhtaru, don Allah ka ba ni hanya." Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa, ita kanta da ƙyar ta ji. Ta sake faɗa da ƙarfi. "Ba alƙibla yake gudu ba. Ba ya iya barin ƙofa a bayansa. A shago da wannan yake salla."

Hajiya ta ɗago kai. Ta daɗe tana kallon madubin, sannan ta dafe ƙirji.

"Innalillahi. Shekara da shekaru a gidan nan ba ya barci sai fuskarsa na ga ƙofa. Ni na ɗauka iska yake so." Ta juya ga ɗanta. "Kwance masa hannun nan."

"Ya Umma, zai faɗo..."

"Na ce ka kwance."

Aka jingine madubin a bango, daidai fuskarsa. Rumasa'u ta goge shi da gefen mayafinta, ta karkata shi kaɗan-kaɗan har ƙofa ta bayyana a ciki, a buɗe, da hasken baranda. Ta durƙusa ta gabansa, inda zai gan ta.

"Baba, ni ce Rumasa'u. Ga ƙofa nan, kana ganinta. Yaya Mukhtaru zai tsaya a bakinta, ba zai matsa ba. Babu mai shigowa sai ka gan shi."

Mukhtaru ya kalle ta, ya kalli uwarsa. Ya taka a hankali ya je ya tsaya a bakin ƙofar, wannan ƙaton mutum, ya harɗe hannu a ƙirji kamar ɗan makarantar da aka tsayar.

Idon tsohon ya sami ɗansa a cikin madubin. Ya tsaya a kansa. A hankali yatsunsa suka saki zanen gadon, kafaɗarsa ta sauka, numfashinsa ya daidaita. Bai ƙara yunƙurin juyawa ba.

Hajiya ta matso kusa da kunnensa tana maimaita kalmar shahada. Leɓensa ya bi ta, amma muryar ba ta dawo ba. Sai ya ɗaga manuniyarsa ta dama daga kan katifa, ya riƙe ta a sama na ɗan lokaci, ta sauka. Kafin a kira azahar ya cika.

Aka kai shi Harami aka yi masa salla bayan la'asar. Mata suka zauna a falo, ana zagayawa da gahawa da dabino. Hajiya ta kamo hannun Rumasa'u ta riƙe a cinyarta.

"Allah Ya yi miki albarka, 'yata. Na ga yatsan." Ta share ido. "Da jiya madubin nan ya zo, da ya faɗa da bakinsa na ji."

Ba da zargi ta faɗa ba. Rumasa'u ta sunkuyar da kai.

Da za ta tafi ta leƙa ɗakin. An naɗe katifar, mayafin da aka ɗaure shi da shi yana rataye a ƙarfen gado. Ba wanda ya tuna ya ɗauke madubin. Yana nan jingine a bangon alƙibla, ƙofa a buɗe a cikinsa, da takalman masu gaisuwa a zube a baranda.