Kwanon Trudy

…kuma ba a mayar wa mutum kwanonsa babu komai a ciki. Ba a yi. Uwar Marlys ba ta taɓa yi ba, kakarta da ta haifi tara a gidan gona ba ta yi ba, sai ita, Marlys Tollefson, da shekara hamsin da shida a duniya, ita za ta fara? A garin nan da ko atishawa ka yi sai an tattauna ta a ƙofar coci?

Uku da minti goma. Saƙon Trudy na nan a waya: "Zan biyo da ƙarfe huɗu." Shi ke nan. Ba gaisuwa, ba 'yar fuskar nan mai murmushi da take liƙawa ko a saƙon ta'aziyya. Zan biyo. Me za ta biyo yi in ba karɓar kwanonta ba?

Wata uku kwanon nan yana gidan. Farin tangaran mai shuɗin fure, irin wanda kowace mace a garin ta samu ranar aurenta, ga nauyi kamar jaririn wata shida. A Nuwamba Trudy ta kawo shi cike da gasasshen dankali da nama da cuku, ta dire a tebur, ta ce, "Ki ci, ƙawata, kin koma kamar tsintsiya." Ta ci kuwa. Kwana huɗu tana ci. Ta ɗauraye shi a yadda yake, don wuyan hannunta ba ya iya juya shi, ta tura shi kabad ɗin ƙasa — gobe zan gasa mata wani abu. Gobe… Goben nan har ta yi jikoki.

Ƙarfin yau na abu ɗaya ne: ko wanka, ko kek. Kek ɗin dai. Trudy ta san warinta tun suna aji uku.

Gari. Sukari. Ina cokalin ya shiga? Yana hannunta. To.

Yau ciwon a ƙugu ya sauka. Jiya kafaɗa. Shekara uku yana zagaye jikinta kamar ɗan haya mai neman ɗakin da ya fi iska, likita ya ba shi dogon suna, ita ya ba ta ƙananan ƙwayoyi. Gajiyar ma ta fi shi rashin kunya — ka yi barcin awa goma, ka tashi ka tarar ta riga ka zama a bakin gado.

Su shida ne a da, 'yan kartar ranar Alhamis. Bev, mai tsara zaman, ta kawo mata kurkum a kwalba. "Kin gwada barin alkama? Ƙanwar mijina ta bari, yanzu duwatsu take hawa." To, Allah ya ba duwatsun haƙuri. Wata kuma: "Ai kuwa kin yi kyau, wa zai ce ba ki da lafiya?" Na gode. Da a fuska ciwon yake, da an huta. An fara da "ba komai, sai wani makon," aka koma "mun san ba za ki iya ba, shi ya sa ba mu…" Yanzu wata baƙuwa daga garin Fargo ce a kujerarta, an ce ko raba karta ba ta iya ba. Marlys ta ji daɗin wannan labarin fiye da yadda ya kamata.

Trudy kaɗai ta rage. Ita ce kuma Marlys take wa ɓuya. Kira goma sha ɗaya — ta zauna tana kallon waya tana rawa a kan tebur har ta gaji ta yi shiru. Don in ta ɗauka, "Ya jiki?" "Ba laifi." Sai kuma me? Trudy ba za ta tambayi kwano ba, Allah ya kiyaye. A garin nan ba a tambayar kwano, shiru ake yi a kansa da ƙarfi. Har ƙofar gaba ta fara kullewa, ita da sai da ta yi kwana biyu tana neman makullin.

Ƙwai biyu. Ɗaya ya shiga kwaɓi. Ɗayan… ɗayan ya zaɓi ƙasa. A bar shi nan, shi ma ya gaji.

Huɗu saura ashirin. Kek ba ya gasuwa a minti ashirin, amma ƙamshi zai tashi, ƙamshi kuma shaida ne. Saura kwanon. Kabad ɗin ƙasa — wa ya aike ta ajiye shi a ƙasa? Gwiwa ɗaya. Riƙe tebur. Ɗaya gwiwar. Ja… ja dai… ya taho, ya suɓuce, ya kife a dandamali, ita kuma ta zauna daram kusa da ƙwan.

Bai fashe ba. Irin wannan ba ya fashewa, masu shi ne ke fashewa.

Ga salatif ɗin a gindinsa, yadda kowa ke liƙa sunansa don kada a rikita a wurin cin abincin coci. Ya yi rawaya, gefensa ya naɗe. Rubutun kuwa miƙaƙƙe, mai kyau, na hannun da bai san rawa ba tukuna.

M. TOLLEFSON.

A'a. Nata ne?

Rasuwar Gordon, mijin Trudy. Shekara huɗu ke nan. Ita Marlys ta gasa taliya da kaza a kwanon nan, ta ɗauke shi da hannu ɗaya — hannu ɗaya! — ta haye matakalar Trudy da gudu. Shekara huɗu yana kabad ɗin Trudy. Trudy da ta shekara tana cin busasshen burodi a tsaye gaban firij… ita ma gobe, gobe, gobe, sai Nuwamban nan ta iya. Ita Marlys fa, ta taɓa jin haushin kwanon? Ko tunawa da shi ba ta yi ba. Ko sau ɗaya.

To kira goma sha ɗayan nan, wa ake nema?

Dariya ta taso mata, ƙugu ya hana. Kunya ce ta samu wuri, ta zauna sosai.

Tayoyi suna murƙushe ƙanƙara a waje. Ƙofar mota. Ta dafa ƙasa ta tashi — hannu ya ce a'a, gwiwa ta goyi bayansa. Waya na can saman tebur, kamar a wata ƙasa.

Ƙwanƙwasa ɗaya. Trudy sau biyu take yi, ba ta ƙarawa, don kada ta dami mutane.

"Marlys? Kina ciki? Ni ce… Ya jikin?"

Ba laifi. Yana nan a kan harshe, ya riga ya sa takalmi. In ta sake shi, Trudy za ta ce, "To, bari in bar ki ki huta," ta koma mota, wannan karon kuma babu kwanon da zai sake haɗa su. Ɗaya maganar fa? Zagayo ta gareji, na faɗi, ba na iya tashi, ban yi wanka ba, na yi kewarki… Yaya ma ake fara ta? Uwarta ba ta taɓa faɗa ba. Kakarta ma.

Ƙwanƙwasa ta biyu.

Gwaiduwar ƙwan ta kai ga safarta. Marlys ta buɗe baki. "Trudy… zagayo ta gareji…"