Jan Dutsen Malam Sherif

Duk wadda ta san saƙar duwatsun ado ta san ƙa'idarta: sai an jera duwatsun a zare kafin a ɗauki kwarashi. Yadda aka jera su haka za su zo, ba gyara sai dai a fasa dutse.

Yakaka ta fi shekara ashirin tana saƙa wa matan Azare abin wuyan hannu na duwatsu, amma idonta ya daina ganin hujin dutse. Mijinta, Malam Sherif, shi ke jera mata. Yana yi yana mita, wai ya bar aikin gwamnati ya koma yaron masaƙiya. Mitar baki ce kawai, don ko ba ta kira shi ba yakan jawo kwanon da kansa.

Ranar Talata ya jera mata farare zalla. Ranar Alhamis aka kai shi makwancinsa.

Takaba ta kulle ta a ɗaki, ba fita, ba turare, ba ado. Kewarsa ta ishe ta, ta ɗauko zaren. Tana cikin saƙa sai ga jan dutse guda ya taho a tsakiyar farare. Ka ji Malam! Mutumin da ya ƙi sa tabarau don kada a ce ya tsufa.

Yayarta, Ya Fanna, da ta zo daga Gadau tana taya ta zama, ta ce, "Ƙwanƙwasa shi ya fashe, ki wuce."

"Bar shi, Yaya."

Ta saƙa shi a ciki. Amma da ta ga saura duwatsu uku a zaren, sai ta dakata. In ta ƙulle ƙarshe, aikin hannunsa ya ƙare ke nan a duniya. Ta zare kwarashi, ta warware duka, ta koma farko. Haka ta yi ta yi har zaren ya soma silewa.

Da wata huɗu da kwana goma suka cika, Ya Fanna ta yaye labule.

"To, Yakaka, kin fita takaba. Ƙarasa ki ɗaura, mu je gaishe-gaishe."

Yakaka ta dubi ƙofa, ta dubi duwatsun nan uku.

"Yi gaba, Yaya, ina zuwa," in ji ta, alhali yatsunta sun riga sun kama bakin zaren suna ja.