Tafiya Irin ta Kawu Arzika

A gidanmu na Aujara akwai sunan da ba a ambatonsa sai an rage murya, shi ne sunan Kawu Arzika, ƙanen mahaifiyata. Ban taɓa ganinsa ba. A shekarar babban fari, tun ba a haife ni ba, yana cikin noma da hantsi ya kafa fartanyarsa a kan kunya, ya bar goran kununsa a gindin gawo bai ko buɗe ba, ya miƙe ya yi gabas. Wani maƙwabci da ya hango shi a hanya ya yi ta ƙwala masa kira har muryarsa ta dushe, bai juyo ba. Bayan shekaru wani falke ya ce ya ga mai kama da shi a Abeshe, cikin ƙasar Chadi, yana sayar da ruwa. Iyakar labarinsa ke nan. Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa shakkar abin da ya same shi ba. Kurciya aka yi masa, asirin nan da ake cewa in ya kama mutum garinsu yakan yi masa ƙunci har ya shiga uwa duniya, ba sallama, ba waiwaye.

Ni kuwa karatu na yi. Na sami digiri a fannin Turanci a Kano, na yi bautar ƙasa, na dawo Dutse na kama ɗaki a bayan kasuwa ina jiran aikin gwamnati. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu ce, gari ya cika da wa'azi da sabon fata, amma ofisoshin da nake zagayawa kowace safiya amsarsu ba ta sauya ba. Masinjoji sun san takalmina kafin su san sunana. Da yamma nakan hau duwatsun bayan gari in zauna ina kallon kawunan dabino, ina jin wani abu yana matse mini ƙirji, ban san sunansa ba.

A wannan hali Tijjani ya same ni. Ajinmu ɗaya a jami'a, kuma ya shekara yana koyarwa a wata makarantar kuɗi a Injamena, babban birnin Chadi. Ya zo hutu ya yi ƙiba, yana ta sheƙi cikin farar jallabiya.

"Farfesa Ɗayyabu," in ji shi, yana ƙare wa ɗakina kallo, "ashe har yanzu kai da ɓeraye kuke karatun littattafan nan? Tashi ka tattara. Mai makarantarmu yana neman malamin Turanci na biyu, na ce masa ina da mutumin da ko atishawa da nahawu yake yi."

"Ban iya Faransanci ba," na ce. "Larabcina kuma bai wuce na salla ba."

"Shi ya sa zai so ka. Yaran ba su da hanyar yi maka ƙarya sai da Turanci, ka ga dole su koya. Akwai ɗaki, akwai abinci, akwai albashi. Kai dai ka ce to, mu kama hanya kafin a koma makaranta."

Wannan shi ne aiki na farko da wani ya taɓa yi mini tayinsa. Na tsorata da abubuwa da dama: sojojin kan iyaka da labarinsu ya cika mana kunne, da ƙasar da ba ta daɗe da fita daga yaƙi ba, da tsayuwa gaban yaran da za su iya zagina da harsuna biyu ina yi musu murmushi. Amma duk waɗannan ƙananan tsoro ne. Babban shi ne abin da na ji a jikina lokacin da Tijjani ya ce mu kama hanya. Matsin ƙirjina ya saki nan take, ƙafafuna suka yi sakayau kamar sun daɗe suna jiran kalmar. Na kuwa san mutumin da ake ba da labarin ƙafafunsa haka.

Na tafi Aujara neman yardar Inna, domin tun ina yaro ban taɓa yin tafiyar kwana ba sai ta ce mini Allah ya tsare. Kaka ce, gero ya nuna. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, yayana Sharhabilu, wanda ya riƙe gonakinmu tun rasuwar Baba, yana zaune a kan kututture yana gyaran ƙotar magirbi. Na yi bayani a tsanake. Na fara da albashi, na ajiye sunan ƙasar a ƙarshe. Da ta ji sunan, hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya.

"Gabas," ta ce.

"Inna, aiki ne. Makaranta ce, da ɗaki da komai, ga hutu duk shekara."

"Auta, tun yaushe ka daina jin daɗin zama? Duk zuwan da za ka yi kamar mai jiran mota kake. Ana hira idonka na bakin zaure. Tuwo ma rabi kake ci. Haka ya yi kafin ya tafi, ina kallonsa ban gane ba. Wannan karon na gane. An sakar maka kurciya."

Yaya Sharhabilu ya ajiye magirbin. Tun da ya fara zuwa karatun hadisi a masallacin bakin hanya ba ya barin irin wannan magana ta wuce.

"Haba Inna, ki yi istigfari. Yanzu da shari'a ta zo za a ce tsuntsuwa ke korar mutum daga gida? Kuma wa zai ɓata layarsa a kan wannan? Mutumin da ko akuya ba shi da ita, sai kwalin littattafai."

"Ka ji mai wa'azi," in ji Inna ba tare da ta dube shi ba, don ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa. "Kana goye lokacin. Ni na je gonar na ɗauko goran kunun."

Sannan ta juyo gare ni, muryarta a kwance.

"Ba zan ce kada ka je ba, don wanda abin ya kama hani ba ya tsayar da shi. Amma bakina ba zai ce Allah ya tsare ba. Ba zan raka ka da addu'a zuwa inda ba a dawowa ba."

Na koma Dutse da wannan magana a wuyana. Na gaya wa kaina cewa ni mai ilimi ne, ban yarda da kurciya ba, kuma gaskiya ne ban yarda ba. Sai dai duk alamar da ta lissafa tawa ce, ba ta ƙara ko ɗaya ba. Tun ina tsakiyar jami'a na lura cewa in na zo gida hirar taki da ta ruwan sama takan wuce ta kaina, ina zaune cikin 'yan uwana ina gyara jimloli a zuci da harshen da babu mai jinsa a cikinsu. Idan babu wanda ya yi mini asiri, to daga ina ƙuncin ya fito? Wannan tambaya ta fi asirin ban tsoro, domin asiri ana karya shi.

Tijjani bai ga abin damuwa ba.

"Kuskurenka tambayar da ka yi," in ji shi. "Tsofaffi ba a tambayarsu, sanar da su ake yi. Mu tafi, in ka karɓi albashin fari ka aiko mata da atamfa da turare. Kafin atamfar ta koɗe ta huce."

Na yi kwanaki ina juya maganar, daga ƙarshe na ce to.

Ranar tafiyar na sayo koko da ƙosai da safe, na ajiye a kan taga, na shiga ɗaure littattafai. Ina cikin haka Tijjani ya iso da 'yan acaɓa suna ta hon, na saɓa jaka na fita. A tasha muka shiga motar Azare, daga can za mu nemi ta Maiduguri. Muna zaune ana jiran fasinja, rana ta fara zafi, sai na ji yunwa. Daga yunwar na tuna kwanon kokona yana can a kan taga, ko murfinsa ban ɗaga ba. Daga kwanon kuma na tuna mai gidan da nake haya, dattijon da ke zama a kan tabarma a ƙofar gida. Lokacin da nake hawa babur ya kira ni, ya ce, "Malam, ina zuwa haka da jaka?" Na ji shi sarai. Ban juyo ba.

Gumi ya karyo mini har tafin hannu. Ba wanda ya tilasta ni, ba wanda ya tsara mini, amma ga ni na maimaita tafiyar Kawu Arzika tiryan-tiryan, kuma ban lura ba sai da yunwa ta tuna mini. Na ce wa kwandasta ya sauke mini jakata.

"Ina kuma za ka?" in ji Tijjani. "Mota ta kusa cika."

"Aujara."

"Kai da tsohuwarka sai Allah." Ya yi tsaki, ya dube ni, sannan ya sassauta. "Zan jira ka a Maiduguri, gidan baffana da ka sani, har Juma'a. In ba ka zo ba zan ce wa mai makaranta mutumina ya koma noma, nahawun ya fi ƙarfinsa."

Na fara komawa gidan haya na durƙusa na yi wa dattijon sallama, na shanye kokon da sanyinsa, sannan na hau motar garinmu.

A Aujara na shiga girbi tare da Yaya Sharhabilu har tafin hannuna ya yi bororo, shi kuma yana ta nuna wa 'yan gayya hannun mai digiri suna dariya. Da muka gama na bi gari gida-gida ina sallama. Na je wurin liman, na je wurin mai unguwa, na shiga wurin gwaggonnina ɗaya bayan ɗaya. Kowa na gaya masa sunan garin da zan je, da aikin da zan yi, da cewa zan dawo hutu da damina. Aka cika mini jaka da kuka da daddawa da barkono. Da magariba na zauna gaban Inna na cinye tuwona ƙaf, na miƙa kwano na nemi ƙari. Na san abin da nake yi, ita ma ta sani.

"Inna, wanda aka yi wa kurciya yana sallama?"

"Ba ya yi."

"Yana neman ƙarin tuwo?"

"Mai wayo yana nema." Ta zuba mini miya. "Duk abin da ka yi ka shirya shi ne, Auta. Saura wanda ba a shiryawa."

Ba sai ta faɗa ba, na san waiwaye take nufi. A ƙarshen unguwarmu akwai wata tsohuwar kuka inda hanya ke karkata ta ɓace wa na ƙofar gida. A nan maƙwabcin ya yi ta kiran Kawu Arzika. Na ƙudurta a raina cewa kafin kukar nan zan waiwaya, na maimaita wa kaina kamar mai hadda, na yi salla da ƙudurin, na tashi da shi.

Da safe Yaya ya fito da babur ɗinsa zai kai ni bakin titi. Inna ta rako ni har ƙofar zaure, abin da ba ta cika yi ba. Na durƙusa na ce na tafi. Ta dube ni, bakinta a rufe. Na hau bayan Yaya da jakata a cinya.

Babur ɗin ya tashi, iska ta buge ni, gonakin da aka girbe suka buɗe a gabana har iyakar gani. Sakayau ɗin nan ya dawo mini a ƙafafu. Na fara tunanin ajin da zan shiga, abin da zan fara rubutawa a allo, yadda zan gaishe da yaran, ko in fara musu da sunayen abubuwan da ke cikin aji, ko da ranakun mako. Har na ga alli a hannuna, na ji muryata tana fita ba gargada a ɗakin da babu wanda ya san ni. Rabon da in ji daɗi irin wannan har na manta.

Sai na ji babur ɗin ya rage gudu. Inuwar kuka ta faɗo a kanmu. Yaya Sharhabilu bai juyo da kansa ba, ya yi magana ƙasa-ƙasa ta gefen baki.

"Kai, waiwaya. Tana tsaye."

Na waiwaya da sauri har jakar ta nemi suɓucewa. Inna tana can a ƙofar zaure, ta zama 'yar ƙarama saboda nisa. Da ta ga fuskata ta ɗaga hannu. Sannan ta buɗe tafukanta biyu sama, ta daɗe a haka, ta shafa. Ban ji kalmomin ba, amma na san su tun ina yaro.

Muka karya kwana, gidan ya ɓace.

"Ba don na yarda da tsuntsuwar ba ne," in ji Yaya bayan mun yi nisa. "Don ta riƙa samun barci ne."

Muka wuce rijiya, muka wuce garken wasu Fulani, titi ya fara bayyana.

"Mantawa ka yi, ko?" in ji shi.

"E, Yaya."

Muka isa bakin kwalta. Ya kashe babur, ya sauke mini jaka, ya gyara mini igiyarta da ta kwance, bai dubi idona ba.

"To, da damina kada ka manta," ya ce. "Babur ɗin nan ba zai kai Chadi ba."

Mota ta tsaya na shiga. Na zauna a kujerar baya na juya ina kallonsa ta gilashi, na ci gaba da kallo bayan ya ɓace, har wuyana ya ƙage, babu komai a bayan sai karan gero a kwance. Ina tsoron in juyo gaba, domin na san da zarar na juyo daɗin nan zai dawo.