Kurmin da Zamani Ya Share

Yayana Zamani mutumin kirki ne, sai dai kirkinsa ba ya tambaya kafin ya ɗauki adda. Abin da ya raba shi da 'yarsa ke nan.

Zipora ce autarsa, ita kaɗai ta taka jami'a a gidanmu. Ranar da ta dawo ƙauyenmu na gindin duwatsun Kagoro da buhun tarkuna, ta ce ɓeraye take karantawa, na yi dariya har da hawaye. Na ce, "Ke yarinya, duk bokon nan a kan ɓera? Zo rumbuna ki kwasa kyauta!"

Ashe ba na rumbu take nufi ba. Wasu ƙanana ne na daji, masu laushin gashi. Ta kama, ta ɗan tsinki kunne, ta sake su. Wata rana muna ɓarar gyaɗa ta yi mini bayani.

"Gwaggo Milka, tun da aka shimfiɗa kwalta, gonaki kuma suka cinye daji, na ƙaramin dutsen nan sun rabu da danginsu na babban dutse. Ba sa taka fili, shaho zai ɗauke su. Hanya ɗaya ta rage musu, kurmin bakin rafi da ya bi ta ƙarƙashin gada. In ya tafi, sai su yi ta auren junansu har jininsu ya mutu. Karatuna duka a kan kurmin nan yake."

Zamani yana zaune a gefe, amma ƙafafunta yake kallo, yadda ƙaya ta yayyaga su. Ga shi makon da ya wuce ya kashe kububuwa a kurmin.

Ta koma makaranta don gwajin guntayen kunnen da ta tara. Bayan wani lokaci ta bugo waya, murna fal muryarta, wai gwaji ya nuna ɓerayen suna tsallakawa ta kurmin, kuma za ta zo da malamarta ta ga kurmin da idonta.

To, a wajenmu babban baƙo ba ya ratsa ciyawa. Share masa hanya ake yi, ko fasto ne ko suruki. Zamani ya kira gayya. Mazan zumuntar cocinmu suka fito da adduna suna waƙar coci, aka sare, aka tara, aka sa wuta. Ni ina kasuwar Kafanchan ranar. Ina dawowa, daga kan mashin na hango hayaƙi.

Na same shi a bakin rafi, toka har gira, yana washe baki. Na ce, "Wayyo Zamani, me ka yi?"

"Na gyara wa 'yata hanya. Yanzu ko da takalmin coci za su shiga."

Wallahi na so in zage shi.

Da suka iso ya sa rigarsa ta Lahadi, shi ya shiga gaba. Zipora ta tsaya a kan gada tana kallon ƙasa baƙa ƙirin daga dutse zuwa dutse. Malamar ta dafa kafaɗarta. Ya ce, "Ya yi kyau, ko?"

Zipora ta ce, "Sannu da aiki, Baba."

Ta ɗana tarkunanta har damina ta wuce, ba ta ƙara kama ko ɗaya da ya tsallaka ba. Aka sauya mata wani daji can nesa, ta fara daga farko. Waya kawai take yi yanzu.

Kafin ta tafi ta ce mini in an bar wurin, kurmin zai iya tohowa. Na faɗa wa Zamani, na maimaita, har na yi kuka. Ya ce shi ba zai bar maciji ya jira 'yarsa ba. Duk Asabar yana can da addarsa, yana sare abin da ya toho, wai ko za ta dawo.