Bugu Uku a Bakin Jirgi

Ɗanjuma kurma ne tun haihuwa, amma duk masuntan tafkin Madarunfa babu wanda ya kai shi cika gora. Shi da sauran masunta kan kifa ciki a kan ƙatuwar gora, komar kamun kifi a hannu, ruwa ya rufe su sai ɗan kai da ake hangowa kamar na agwagwa. Don haka aka yi al'ada tun kakanni: duk mai tuƙa kwalekwale, in ya doshi wurin su, sai ya bugi gefen jirginsa da sanda sau uku, ya ɗan ci gaba, ya sake. Masu kunne su ji da kunne. Shi Ɗanjuma da cikinsa yake ji, don bugun kan bi ruwa ya taɓo gorar da yake kwance a kai.

Matarsa Indo, mai bandar kifi a bakin tafki, shekara ashirin tana ƙirga bugun nan ba tare da ta sani ba.

Daminar da ruwa ya cinye hanyar fatake, wani madugu mai suna Sani ya sa aka jawo masa ƙaton jirgi na gungumen maɗaci, yana ƙetarar da kanwa da gishiri. Mutum ne mai ilimin rabin allo, irin wanda kan ga arnanci a cikin kowace al'adar da bai gane ba. Da ya ji an ce a bugi jirgi sau uku, sai ya ce gaisuwar iskokin ruwa ce, ba a jirginsa ba. Ya umarci matuƙansa su riƙa kira da baki.

Indo ta same shi har bakin kaya.

"Madugu, mijina ba shi ji. Bugun nan shi ne kunnenai."

"Baiwar Allah, kowa ya kama gabanai. Mu dai muna kira."

Kwana huɗu bayan haka, da hantsi, Indo tana juya kifi ta ji matuƙa suna ta kururuwa. Ta ɗaga kai. Masunta sun watse hagu da dama, saura kai ɗaya tak a tsakiya, ya ba jirgin baya, hankalinsa na kan koma. Jirgi mai kaya ba ya tsayawa don an so. Ya hau gorar, ta fashe.

An fito da Ɗanjuma da rai, haƙarƙari biyu a karye. Madugu ko a jikinsa, sai cewa yake, "Kowa shaida ne, mun yi kira." Indo ta ji kamar ta watsa masa garwashin banda. Kira ga kurma, wai har da neman shaida.

Abin da ya fi ƙona mata rai ya zo ne bayan kwana bakwai. Ɗanjuma ya kira ta da hannu, ya bugi cikinsa sau uku, ya girgiza kai, sannan ya miƙa mata komarsa ta sayar. Ta gane nan take. Bai san an daina bugu ba. Shi a zatonsa cikin nasa ne ma ya kurmance, kamun kifi ya ƙare masa.

Indo ta rataya komar a kafaɗa. Ta ɗauki taɓarya, ta aro gora, ta tallafo shi har bakin tafki, inda ake loda wa jirgin kanwa. Ta shigar da shi ruwa zuwa ƙugu, ta jingina gorar da cikinsa. Sannan ta ratsa ta tsakanin fatake, ta ɗaga taɓarya ta narka wa gefen jirgin sau uku.

"Ke, mi haka?" in ji Madugu.

Ba ta dube shi ba, mijinta take kallo. Ɗanjuma ya zabura, ya dafe gorar da hannu biyu. Ya dubi Indo, ya dubi jirgin, sannan ya juyo a hankali ya kafa wa Madugu ido.

Da ya fito daga ruwa, ya miƙa hannu ya karɓe komarsa daga wurin Indo.